Gargaɗi kan mai tallar akusan katako na jabu a Kumasi

Assalamu alaikum. Ina jawo hankalin 'yan'uwa mazauna Asawase, Aboabo da sauran unguwannin Zango a Kumasi, musamman iyaye mata masu haɗa kayan ɗakin amarya da 'yan kasuwa masu sarin kayan ado, ga wani mutum da ke tallar akusan katako a WhatsApp da Facebook. Yana iƙirarin cewa wurin aikinsa yana Sokoban cikin kafintoci da masu sayar da katako, kuma akusansa na haɗi ne da aka yi da itatuwan odum, safele da madobiya, da siraran layuka na fallen katako a tsakaninsu. Hotunan da yake nunawa na kayan kirki ne, amma abin da ke isa hannun mai saye daban ne.

Wanda ya san yadda ake yin akushin haɗi ba zai faɗa tarkonsa ba. Ana yanka busasshen katako gunduwa-gunduwa a jera su zobe-zobe, kuma idan zobe ɗaya zai ƙunshi gunduwa 12, to ana yanke bakin kowacce a kan kusurwar digiri 15 domin da'irar ta haɗe ba tare da giɓi ba. Sai a manne su da gam, a ɗora zobe kan zobe ana goce mahaɗarsu kamar yadda magini ke jera bulo, a saka fallen katako mai wani launi, wanda kaurinsa kan kai milimita 0.6, tsakanin zobe da zobe. Bayan gam ya bushe ne ake ɗora shi a kan inji yana juyawa ana gurza shi ciki da waje. Saboda haka layin nan yana ratsa bangon akushin gaba ɗaya, kuma duk inda aka gan shi a waje, dole a gan shi a ciki daidai wurin.

Wannan mutum kuwa yana fafe akushinsa daga gungume guda na itacen da 'yan katako ke kira wawa, mai laushi da rashin nauyi, ya rina shi, ya zana mahaɗa da alƙalami ko ya liƙa falle a fuskar waje kawai, sannan ya lafta man sheƙi domin ya rufe aibin. Wanda ya duba ciki zai tarar babu layi, ko kuma layin ciki ya saɓa da na waje. Zanen jikin katakon ma yana tona asirinsa, domin a akushin gaskiya yakan sauya daga gunduwa zuwa gunduwa, a nasa kuwa ya zarce ta kan layukan babu yankewa. Idan aka danna farce a gindinsa sai ya lotsa, abin da odum ba ya yi. Da hunturu ya kama, fallen ya fara ɗagowa yana ɓarewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wasu suna zuba tuwo da miya mai zafi a ciki, alhali babu wanda ya gaya musu irin rinin da aka shafa.

Maganar madobiya ma abin dubawa ce. Gwamnatin Ghana ta hana sara da fitar da wannan itace a 2019, don haka ɗan kasuwar da ke shirin kai irin wannan kaya ƙasashen waje yana iya jefa kansa cikin rigima ko da katakon na gaske ne.

Dabararsa wajen kuɗi ita ce neman rabin farashi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin a ga kaya, a lambar da ke ɗauke da wani suna daban, sannan ya aiko da kwali ta hannun direba, ya toshe lambar duk wanda ya yi ƙorafi. Kada kowa ya tura ko sidi ɗaya sai ya riƙe akushin a hannunsa, ko ya je wurin aikin ya ga zobban kafin a gurza su, domin kafintan gaskiya ba ya ƙin nuna su. Wanda aka riga aka cuta ya adana saƙonni, hotuna da shaidar tura kuɗi, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, kuma ya kira hukumar tsaron intanet ta ƙasa a lamba 292.