Yaya, a nan ba a saita taimin da kunne

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyali da yaran gareji duk suna lafiya.

Ka tambaye ni yadda kanikawan Jamus suke saita taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta a inji. To, a motocin yanzu ba sa saitawa. Kwanakin baya motata ta riƙa mutuwa da zarar inji ya ɗau zafi. Na kai ta gareji ina jiran in ga an sassauta distiributa, wadda ke raba wa filogi wuta, ana murɗawa, yadda kake yi kana karkata kai kana sauraro. Ashe ko distiributar babu. Bakaniken ya jona kwamfuta a wani soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari, wanda dokar Turai ta wajabta wa motocin fetur tun 2001, sai lamba ta fito: P0335, wato matsala a sensar karanshaf, sandar ƙarfen da fistan ke juyawa.

Ka fi ni sanin cewa fetur ba ya ƙonewa nan take, dole filogi ya ba da wuta kafin fistan ya kai ƙololuwa: kamar digiri 10 na juyin karanshaf a silo, ya haura 30 idan mota ta miƙe hanya. Abin da ya sauya shi ne mai yanke hukuncin. A jikin karanshaf akwai faifai mai haƙora, a motoci da yawa gurbi 60 ne aka cire biyu. Wannan giɓin ke shaida wa kwamfuta inda fistan yake. Sai ta duba gudun inji, da yawan iskar da ke shiga, da zafin ruwa, ta zaɓi lokacin da koyil zai saki wuta.

Wadda ta fi burge ni wata ƙaramar sensa ce da aka ɗaure a jikin inji, aikinta sauraro kawai. Idan fetur ya fashe ba bisa tsari ba, ƙarar nan mai kama da tsakuwa cikin gwangwani, sai kwamfuta ta jinkirta wutar, in ƙarar ta lafa ta dawo da ita sannu a hankali. Kunnenka ne, Yaya, aka mayar ƙarfe. Fetur ɗinsu kuwa an rubuta ƙarfinsa a jikin famfo, 95 ko 98, ka san abin da ka zuba.

Amma akwai inda kuka fi su. Sai da na jira kwanaki kafin a ba ni rana, kuma ba sa gyara, canji kawai suke yi. Na tabbata da kai ne, sai ka bi wayar sensar karanshaf da hannu tukuna, domin lambar nan ta P0335 takan fito ko da waya ce ta tsinke.

Na saya maka ƙaramar na'urar karanta lambobin, zan ba mai tahowa. Kafin ta iso, ka leƙa ƙasan sitiyarin motocin da ake kawo maka, ka faɗa mini waɗanda suke da soket ɗin.