Agogon zamani: yana da amfani, amma kar ka yarda da shi a kan hawan jini

Abokai sun dame ni da tambaya kan agogon nan da suke gani a hannuna, wai ya ci kuɗinsa ko a'a, to bari in amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Idan don ka ga saƙo ne ko ka san wa ke kira ba tare da ka zaro waya ba, eh yana yi, ban ce ba ya yi ba. Idan kuma abin da masu shago suke faɗa ne ya ja ka, wai yana auna hawan jini har da suga, to wallahi riƙe kuɗinka ka karanta zuwa ƙasa tukuna.

Nawa ba na manya ba ne, ba Apple Watch ba ne ba Galaxy Watch ba, irin 'yan Chainan nan ne da suka cika shagunan waya a Gombe, masu kwali mai ƙyalli da madauri biyu a ciki. Kun san kuɗinsu ba sai na faɗa ba, kuma ba zan kama sunan shagon ba don ba shi kaɗai yake wannan ɓaɓatun ba. Abin da ya sa na saya tun farko ma ba wani abu ba ne illa ƙwacen waya, duk wanda yake hawa Keke da yamma daga wajen Tashar Dukku zuwa Tudun Wada ya san ba a son yawan fito da waya, to da agogon sai ka ɗan juya hannu ka ga ko kiran na ɗauka ne ko na bari sai an isa gida. A masallaci ma haka, wayar tana aljihu shiru, shi kuma ya ɗan girgiza maka hannu ba wanda ya ji. Sannan tashin asuba, yana tashe ni ba tare da ya tashi jaririyarmu ba, wannan kam uwargida ma ta sa masa albarka. Akwai kuma wani wuri da kake taɓawa wayarka ta yi ƙara idan ta shige ƙarƙashin kujera, in dai ba ta wuce kamar mita 10 ba, iyakar inda Bluetooth yake kaiwa ke nan. Da a nan abin ya tsaya da sai in ce madalla kowa ya je ya saya.

Matsalar a kan Dada ta faru, mahaifiyata. Ta daɗe da hawan jini, kullum da safe tana shan amlodipine, kuma ba ta ƙaunar maganin nan ko kaɗan don yana kumbura mata ƙafa, wanda likita ma ya ce yana yi wa wasu haka. Ranar da na kawo agogon yara suka yi ta ɗauki, kowa a ɗaura masa, ita ma ta miƙo hannu tana dariya ta ce a gwada ta. Ya nuna 118/76. Ta ce Alhamdulillahi, aka yi raha aka tashi. Ashe abin ya zauna mata a rai. Duk ranar da na bar shi a caji na fita aiki sai ta kira 'yar yayata ta ce ke zo ki ɗaura min abin nan na kawunki, yau ya ce 120/80, gobe 117/79, jibi 121/78, kullum lafiya ƙalau, dama kuma tana shan zoɓo ba suga da tafarnuwa da wata maƙwabciya ta ce mata, sai ta haɗa biyu da biyu ta yanke hukuncin Allah Ya yaye mata, ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa ba ta gaya wa kowa ba.

Sai da aka je biki Kumo aka dawo ta fara cewa ƙeyarta na sara, tana ganin jiri in ta miƙe, mu duka muka ɗauka gajiyar hanya ce da hayaniya. Da daddare abin ya ƙi, muka ɗauke ta zuwa wani ƙaramin asibiti kusa da mu. Nas ɗin ta naɗa mata abin awo a dantse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa, sannan ta ɗago ta kalle ni ta ce "Malam, Hajiya tana shan maganinta kuwa?" 178/104. Dada kuma daga kwance tana cewa "A'a 'yata, injinku ne ya lalace, ai agogon ɗana kullum cewa yake na warke." Nan take na cire shi daga hannuna na ɗaura mata a wancan hannun da aka auna, a gaban nas ɗin, muka jira ya gama zagayensa. 119/78. Mace tana kwance kanta kamar zai tsage shi kuma yana cewa 119/78.

Nas ɗin ba ta yi faɗa ba, ta ce in ba ta agogon. Ta ɗauko gorar ruwa a kan tebur ta ɗaura masa, ta danna. Wallahi tallahi koren hasken nan ya kama walƙiya a jikin roba, can sai ga shi, bugun zuciya 76, jini 120/80. Ta ce "Ka ga gorar ma lafiyarta ƙalau." Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ta ce ba mu ne farko ba, ta sha ganin dattawa suna zuwa da irin wannan labarin. Aka ba Dada magani aka riƙe ta har jinin ya sauka, kuma Allah Ya rufa asiri bai kai ga shanyewar ɓarin jiki ba, don hawan jinin da aka bari ba magani can yake kai mutum, ko ya taɓa ƙoda ko zuciya, kuma sau da yawa ba ya ba da alama sai ya yi nisa. Ma'aunin da asibiti ke bi shi ne daga 140/90 zuwa sama an shiga hawan jini, to ku duba tazarar da ke tsakanin abin da yake jikinta da abin da wannan abu yake rubutawa.

Bayan hankalina ya dawo na zauna na bi diddigin yadda abin yake aiki. Koren hasken da ke bayan agogo shi ne duk sirrin. Jini yana shanye koren haske, to duk bugun da zuciya ta yi jini ya ƙaru a jijiyar wuyan hannu sai hasken da ke dawowa ya ragu, da haka yake ƙirga bugu nawa a minti ɗaya. Wannan agogo mai kyau yana iya yi, ba laifi. Amma hawan jini wani abu ne daban, shi ya sa na asibiti sai an matse dantse da iska har jini ya tsaya sannan a sassauta a ga inda ya fara wucewa. Ko Samsung da suka sa awon jini a Galaxy Watch sai da suka ce dole ka daidaita shi da na'urar dantse ta gaske, kuma ka riƙa maimaitawa duk bayan sati 4. To ina ga nawa da bai taɓa tambayata komai ba, daga kwali ya fito da 120/80 a bakinsa kamar maroƙi, abin da kake son ji shi yake faɗa maka. Maganar suga kuwa ta fi muni, a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ta gargaɗi mutane kar su yi amfani da agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da an huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Apple Watch da ya fito tun 2015, ya zo da awon zuciya na ECG a 2018, mai tsadar da za ta saya maka babur na hannu, shi ma ba ya auna suga da kansa. Amma a Gombe ga shi a kwali an zana ɗigon jini an rubuta wai yana auna suga. Ka yi tunanin mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ya dogara da wannan lambar.

Na koma shagon, ba don a mayar min da kuɗi ba, don dai ya daina faɗa wa mutane. Yaron ya saurare ni tsaf sannan ya ce "Yallaɓai ai ba mu muka ƙera ba, haka kamfani ya rubuta, kuma kaya in ya fita ba ya dawowa." Ya zaro 'yar takardar cikin kwalin ya nuna min wani layi can ƙasa da Turanci, rubutu ƙanana sai ka kanne ido, wai wannan ba na'urar asibiti ba ce kar a dogara da sakamakonta. To me ya sa ba ka karanta min wannan ba ranar da kake rantsuwa har likitoci suna saya a wajenka? Ina tsaye a wurin wani dattijo ya shigo yana tambayar agogo mai auna suga, na ce Baba don Allah kar ka saya don wannan, yaron ya haɗe rai har na fita.

Tun daga nan sauran aibobinsa da nake kau da kai suka fara ba ni haushi ɗaya bayan ɗaya. Ƙirgen taku misali, ka hau acaɓa a hanyar unguwarmu mai gargada ka sauka ya ce ka yi taku 2,000 har da tafa maka, uwargida ta ɗaura tana daka ya ce ta kusa cika 10,000 ba ta bar tsakar gida ba. Ita kanta 10,000 ɗin da yake takura maka ka cika ba daga likita ta samo asali ba, tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965 ta bi duniya. Batir kuma kwali ya ce sati, in kana ɗaga kira da shi kwana biyu da ƙyar, ga yadda wuta take a gari, ga cajarsa mai maganaɗisu ce ta daban, in ka manta ta a gida ba mai cajin da zai taimake ka, in ta ɓata kuwa ka shiga uku. Da rana tsaka a watan Afrilu ba ka ganin komai a sikirin sai ka kare da tafin hannu, madaurin roba kuma ya jiƙe da gumi ya fito min da ƙuraje. Alwala ma aiki ce, an rubuta IP67 wato zai jure ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, amma ai dole ka cire ko ka sassauta ruwa ya ratsa, sau biyar a rana kana kwancewa kana ɗaurawa, ramin madaurin har ya fara yagewa.

Sai tonon asiri. Kira da shi a sifika yake fita, ranar nan ina cikin abokan aiki na taɓa bisa kuskuren yatsa sai ga muryar uwargida tana lissafa min kayan miya da bashin mai gawayi, kowa ya yi kamar bai ji ba. Alat ɗin banki ma a fuskar agogon yake fitowa ɓaro-ɓaro, wanda ke kusa da kai a Keke ya riga ka sanin albashi ya shigo, har da lambar sirrin da banki ke turowa. Dole na shiga manhajar na kashe saƙonnin tes gaba ɗaya na bar WhatsApp kawai, ita ma manhajar sai da ta nemi izinin lambobin wayata da saƙonni da inda nake kafin ta yarda ta yi aiki, ban san ina take kai su ba. Babu Hausa a cikin harsunansa, kuma in an turo maka saƙo mai ƙ ko ɗ sai ka ga ɗan akwati a wurin. Amsa saƙo kuwa babu, karantawa kawai, ka zaro wayar da kake gudun zarowa.

Za ku ce to me ya sa har yanzu yake hannunka. Gaskiya na saba, in na fita ba shi sai in riƙa duba wuyan hannu ba komai, kuma maganar asuba da ta Keke har gobe yana min amfani. Ɗan kasuwa mai yawan kira, ko direba, ko wanda ke gudu da safe a wajen filin wasa na Pantami yana son ganin bugun zuciyarsa, in ya samu mai kyau ba zan hana shi ba, sai dai ya fara gwada shi a jikin gora a gaban mai shagon kafin ya biya, galibi mai kyau zai ce bai ji hannu ba. Mai iPhone da kuɗi ya san inda zai nufa, amma ya sani Apple Watch ba ya haɗuwa da Android kuma kusan kullum sai an yi masa caji. Wanda kuma zai saya wa iyayensa don lafiya, a'a, sam, ya je kemis babba ya sayi na'urar awo ta dantse mai batir, kuɗinsu ba su yi nisa da juna ba. Ita muka saya wa Dada, a zauna a huta minti 5 a jingina baya sannan a auna, 'yar yayata tana rubutawa a littafi muna kai wa likita. Ta koma shan maganinta, likita ya duba maganar kumburin ƙafar ma, amma har yanzu in ta ga lambar ta hau sai ta ce wannan injin baƙin labari gare shi, a kawo mata agogo. Na shiga na ɓoye wurin awon jinin daga fuskarsa, kuma na daina barinsa a gida.

Yanzu madauri nake nema na ƙarfe ko na yadi mai faɗin milimita 22, na zaga shaguna duk na roba suke kawo min, in akwai wanda ya san inda ake samu a cikin Gombe don Allah ya taimaka kafin zafi ya dawo.