Sharhina kan Toastmasters bayan na ɗan jima a ciki

Wata abokiyar aikina ce ta ja ni zuwa wani kulob na Toastmasters, ƙungiyar koyon jawabi a gaban jama'a, a Abuja, ganin yadda aikinmu ke yawan tsayar da mu gaban jama'a. Ƙungiyar ta daɗe, Ralph Smedley ne ya kafa ta a 1924 a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya a Amurka, yau kuma tana da rassa a ƙasashe sama da 140. Baƙo yana iya zuwa kallo ba tare da ya biya ko sisi ba, ni ma da haka na fara.

Babu malami a zaman. 'Yan kulob ne ke rarraba ayyuka a tsakaninsu: wannan ya jagoranci taro, wancan ya riƙe agogo, wani kuma aikinsa ƙirga sau nawa ka yi "eh... eh..." kana laluben abin faɗa.

Mai agogon nan shi ya fi yi mini amfani. Jawabinka na farko, wanda za ka gabatar da kanka, minti 4 zuwa 6 ne. A minti na 4 zai ɗaga koren kati, a na 5 rawaya, a na 6 ja. Yawancin jawaban da ke biyo baya minti 5 zuwa 7 ne. Mu da muka tashi a tarukan da mai jawabi zai gaida mai girma wane, da mai martaba wane, da iyaye mata, har abincin da aka raba ya huce bai shiga magana ba, wannan horo ne mai zafi. Minti 7 ba ta ɗaukar batu biyar. Dole ka zaɓi abu ɗaya da kake so a tafi gida da shi, ka tallafe shi da hujja biyu ko uku, ka san jimlar da za ka buɗe da ita da wadda za ka sauka a kanta. Ba na cewa a yar da gaisuwa, rashin ta a wurinmu rashin kunya ne, sai dai a taƙaita ta.

Kana gamawa wani ɗan kulob zai tashi ya yi minti 2 zuwa 3 yana tantance jawabinka a gaban kowa. Idan ka dace da gogagge, zai ce maka ka kafe ido a takarda, ko labarin da ka ajiye a tsakiya shi ya cancanci buɗe jawabin. Akwai kuma sashen tambayar ba-zata, inda za a jefo maka batu ka yi magana ta minti 1 zuwa 2 nan take. Nan ne gwiwa ke rawa.

Kafin ka yi rajista ka san abu biyu. Kuɗin mamba na uwar ƙungiya da dala ake lissafa shi, sau biyu a shekara, kuma kowa ya san halin da naira ke ciki. Sannan kulob ɗin da nake zuwa da Turanci yake zamansa. Tsara magana da kiyaye lokaci duk sun bi ni har cikin jawaban da nake yi da Hausa, amma karin magana, da azanci, da sanin inda za ka ɗan dakata dattawa su gyaɗa kai, waɗannan a gida ake koyonsu.

Ga ma'aikaci, ko ɗalibin da zai kare kundinsa gaban malamai, ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba. Wanda kuma yake sa ran a zaunar da shi a karanta masa darasi ya kwafa, gara ya fara zuwa a matsayin baƙo ya ga tsarin da idonsa tukuna.