Sayayya a Kantin da Ke Durƙushewa: Abin da Labarin Kmart Ke Koya wa Mai Neman Araha a Amurka

Wanda ya je Amurka karatu, ko aiki, ko ziyarar 'yan'uwa, idan lokacin komawa gida ya matso yakan shiga lissafin tsaraba, kuma da yake dala ba a tsince ta a hanya ba, idonsa yakan fi karkata ga manyan kantunan rangwame. A cikin wannan yawo ne zai ci karo da kanti mai faɗin filin ƙwallo wanda aka manna wa manyan takardu ja da rawaya ana shelar cewa za a rufe shi, komai ya zama na gwanjo. Zuciya takan ce ga dama ta samu. Kafin mutum ya tura keken sayayya ya shiga, ya kamata ya san yadda irin wannan kanti yake aiki a ƙarshen rayuwarsa, kuma babu misalin da ya fi Kmart bayyana hakan.

Asalin kamfanin na wani ɗan kasuwa ne mai suna Sebastian S. Kresge, wanda ya kafa harkar kantunan ƙananan kaya masu araha a birnin Detroit tun 1899. An buɗe kantin farko mai suna Kmart a Garden City ta jihar Michigan a 1962, kuma a wannan shekarar ce aka buɗe Walmart na farko a Rogers ta jihar Arkansas, da Target na farko a Roseville ta jihar Minnesota. Su ukun sa'o'in juna ne, amma Kmart ne ya fara yin nisa. Ya yi suna da wata dabara da ya ɓullo da ita a 1965, inda ake kunna shuɗiyar fitila mai walƙiya a wani sashe na kantin, a sanar ta lasifika cewa an karya farashin wani kaya na 'yan mintuna, masu saye su yi rububi zuwa wurin. A farkon shekarun 1990 rassansa sun haura 2,000.

Sai dai a daidai lokacin da Walmart yake zuba kuɗi a manyan rumbunan ajiya da motocin dakon kaya da kwamfutocin da ke ƙidaya abin da ya ƙare a kowace kanta, Kmart ya shagala da sayen wasu kamfanoni na littattafai da kayan wasanni da kayan ofis da kayan gini, irin su Waldenbooks da Sports Authority da OfficeMax da Builders Square, waɗanda daga baya ya rabu da su duka. Tun 1990 Walmart ya wuce shi a yawan ciniki. A watan Janairun 2002 Kmart ya garzaya kotu neman kariya daga masu bin sa bashi, ya fito a 2003 a hannun mai zuba jari Edward Lampert, wanda ya haɗe shi da Sears, wani tsohon kamfanin manyan kantuna, a 2005 a cinikin da ya kai kusan dala biliyan 11. Haɗakar ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu ba, domin a watan Oktoban 2018 kamfanin da ya haɗa su, Sears Holdings, shi ma ya karye, kuma a 2019 wani sabon kamfanin Lampert mai suna Transformco ya sayi abin da ya rage. Kantin Garden City na farko an rufe shi a 2017, sannan a watan Oktoban 2024 aka rufe na Bridgehampton da ke jihar New York, wanda shi ne cikakken babban reshe na ƙarshe a babban yankin ƙasar. Abin da ya saura a lokacin bai wuce wani ƙaramin shago a Miami da 'yan rassa a tsibirin Guam da tsibiran Virgin na Amurka ba. Wanda ya taɓa shiga Kmart a Ostireliya ya same shi cike da kaya da mutane kada ya yi mamaki, wancan kamfani ne daban mallakar Wesfarmers, suna kawai ya haɗa su.

Dalilin kawo wannan tarihi shi ne cewa kanti ba ya mutuwa rana ɗaya. Kmart ya yi fiye da shekara 20 yana jinya, kuma a tsawon wannan lokaci miliyoyin mutane sun ci gaba da shiga suna fitowa da ƙorafi iri ɗaya: kantoci babu kaya, kayan da aka tallata a takardar mako babu su, wuraren biyan kuɗi da yawa amma ɗaya ko biyu ne kawai a buɗe, gini ya tsufa ba a gyara ba. Waɗannan abubuwa suna da tushe guda. Idan masu kawo kaya suka fara shakkar ko za a biya su, sai su rage abin da suke bayarwa bashi ko su tsayar gaba ɗaya, kamar yadda kamfanin Fleming, mai kawo wa Kmart kayan abinci, ya dakatar da jigila daf da zuwa kotu a 2002. Idan kaya suka ragu, masu saye sukan ragu, sai a rage ma'aikata domin tsimi, layi ya ƙara tsawo, sauran masu sayen su ma su gudu. Ba Kmart kaɗai ya bi wannan hanya ba. Ames ya rufe a 2002, Shopko a 2019, Bed Bath & Beyond ya karye a 2023, Big Lots kuma a 2024, don haka mai saye zai ci gaba da gamuwa da irin wannan kanti ko da sunan da ke bisa ƙofa ya canza.

Na taɓa shiga reshen wani kamfani daban da ke cikin wannan hali, ina neman akwatin tafiya. Ƙwayayen lantarkin da ke ƙarshen kantin rabinsu a mace suke, an ajiye bokiti a tsakiyar hanya yana tarar ruwan da ke ɗiga daga rufi, kuma a sashen kayan gida an jera kwanduna iri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, a kan doguwar kanta domin kada a ga wurin wayam. Na sami akwatin, farashin da ke manne a kanta ya yi mini daɗi, amma da na isa wurin biya bayan tsayuwar da ta fi tsawon sayayyar, na'ura ta nuna wani farashi da ya fi wancan. Matar da ke karɓar kuɗin, wadda ita kaɗai ce a wurin kuma a fili take ta gaji, ta kira manaja ta lasifika har sau uku babu wanda ya zo. Ban ga laifinta ba, domin aikin mutum huɗu aka ɗora mata. Na biya na tafi, bayan kwana biyu zif ɗin akwatin ya ɓalle.

Abu na farko da za a auna shi ne gwanjon rufewa kansa, domin shi ne ya fi ruɗar mutane. Sau da yawa ba kamfanin ba ne yake gudanar da shi. Akwai kamfanoni na musamman da sana'arsu ke nan, su karɓi kayan kantin da ya mutu su sayar cikin 'yan makonni, kuma burinsu shi ne su fitar da kuɗi mafi yawa daga abin da ya rage. Rangwamen da suke shela akan lissafa shi ne daga cikakken farashin asali, wanda wataƙila kantin kansa ya daɗe ba ya sayarwa a kai, saboda haka ragin kashi 10 ko 20 cikin 100 na makon farko zai iya fin farashin yau da kullum na kantin da ke tsallaken titi tsada. Ragi na gaske yakan zo ne a makonnin ƙarshe, lokacin da kaya masu kyau sun riga sun tafi, sai takalmi ƙafa ɗaya da riga mai girman da babu mai sawa. Babbar matsalar kuma ita ce rubutun da ke jikin rasit cewa an gama ciniki, ba a mayarwa, ba a canzawa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka nan duk wanda ke riƙe da katin kyauta na irin wannan kanti, ko maki da ya tara a tsarin tukuicinsu, ya gaggauta kashe su, domin akan sa ranar da za a daina karɓa, bayanta kuma mai katin ya zama ɗaya daga cikin masu bin kamfanin bashi, a can ƙarshen layi. Tsarin ajiye kaya a riƙa biya kaɗan-kaɗan kafin a ɗauka, wanda Kmart ya shahara da shi kuma ya taimaki masu ƙaramin ƙarfi shekara da shekaru, shi ma ba abin shiga ba ne a kantin da ba a san ko zai kai wata mai zuwa ba.

Wannan ba ya nufin babu abin saye a wurin. Kayan da ido da hannu za su iya tantance su nan take, kamar tawul, zanen gado, safa, tukwane, kwanuka, littattafan rubutu da kayan wasan yara marasa batir, ana iya samun su da sauƙi na gaske, muddin mutum ya ciro wayarsa ya duba farashin abin a wani kanti kafin ya ɗauka. Abin da ke da inji, ko allo, ko ranar lalacewa, shi ne abin gudu, kuma a duba kwanan watan da ke jikin man shafawa da magani da abincin gwangwani, domin a kantin da kaya ba sa tafiya sukan daɗe a zaune.

Walmart shi ne kishiyar wannan hali ta fuskar samun kaya. Yana da rassa sama da 4,500 a Amurka, farashinsa yana ƙasa kusan kullum ba sai an jira gwanjo ba, kuma yawancin kaya ana iya mayar da su cikin kwana 90, ko da yake wa'adin kayan lantarki ya fi haka gajarta. Sayayya a cikinsa ba lallai ta yi daɗi ba: akwai cunkoso, akwai na'urorin da mai saye ke biyan kuɗi da kansa waɗanda ke rikita baƙo, kuma a wasu rassan akan kulle ƙananan kaya a cikin gilashi sai an nemo ma'aikaci ya buɗe. Amma abin da mutum ya fito nema zai same shi, idan ya lalace kuma akwai inda zai kai kuka. Target ya ɗan fi tsada a abubuwa da yawa, sai dai tufafinsa da kayan adon gidansa sun fi kyan gani, kantin ya fi tsari, shi ma yana ba da kwana 90, kayan da ke ɗauke da tambarin kamfanin kansa kuma har shekara guda idan da rasit. A ganina, mai neman kayan yara da na ɗaki da za a ba wani a matsayin kyauta ya fi dacewa ya nufi Target, mai neman kayan amfanin yau da kullum da yawa kuma ya nufi Walmart. Araha ba ta ado, kuma bambancin 'yan daloli a kan rigar da za a kai wa suruka ba asara ba ce.

Shagunan dala, wato Dollar General mai rassa wajen 20,000 da Dollar Tree wanda ya ɗaga farashinsa daga dala 1 zuwa dala 1.25 a 2021, suna cikin waɗanda suka gaji talakawan da ke zuwa Kmart a da. Suna da amfani ga ƙananan abubuwa, amma ƙunshin kayansu ƙanana ne, kuma idan aka lissafa a kan awo sau da yawa ba su fi babban kanti sauƙi ba. Ga tufafi da takalma da jakunkuna masu suna, TJ Maxx da Marshalls da Ross da Burlington sun fi kowane gwanjon rufewa, sai dai suna bukatar haƙurin tono, kamar mai zaɓe a dilar gwanjo. Costco sai da katin zama memba, wanda ya koma dala 65 a shekara tun 2024, kuma kayansa a manyan ƙunshi suke, don haka ya fi dacewa da mazauni mai iyali ko baƙon da mai masaukinsa ke da kati. Amazon yana da komai kuma yana karɓar yawancin kaya cikin kwana 30, amma mai tafiya ya lura da ranar isowar kayan kada su iso bayan jirgi ya tashi.

A nan lissafin matafiyi ya ɗan bambanta da na mazauni. Damar mayar da kaya ta kwana 90 ba ta da wani amfani ga wanda ya riga ya sauka a Kano ko Yamai, kuma garantin kayan lantarki da yawa ba ya aiki a wajen Amurka. Saboda haka wanda zai tafi da kaya gida ya yi sayayyarsa tun da sauran kwanaki, ya buɗe kwali a masauki, ya jona, ya gwada, ya ja zif, ya ajiye rasit har ranar tashi. Ya kuma karanta ƙaramin rubutun da ke jikin abin jonawa, domin wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya da Nijar kuma tana tsakanin 220 da 240. Cajar waya da ta kwamfutar cinya galibi an rubuta musu 100 zuwa 240, suna aiki ko'ina, amma injin markaɗe, da dutsen guga, da na'urar busar da gashi, da tukunyar lantarki, mafi yawansu na wutar Amurka ne kaɗai, kuma idan aka jona su a gida ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba sai su ƙone nan take. Farashin da ke rubuce a kanta ma ba shi ne abin da za a biya ba, domin akan ƙara harajin ciniki a wurin biya, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha, in ban da 'yan jihohi irin su Delaware da Oregon da New Hampshire da Montana da ba sa karɓarsa. A ƙara da nauyin kaya, tun da yawancin jirage kilo 23 suke yarda da shi a kowane akwati, kuma kuɗin ƙarin akwati ɗaya zai iya cinye duk ragin da aka samu a kan tukwanen ƙarfen da aka kwaso a gwanjo.