GARGAƊI: Naira 380,000 na ba mai sayar da "muryar Hausa ta kwamfuta"

Jama'a assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, saboda kunya. Yau dai zan faɗa. Naira 380,000 wani ya ci mini. Dubu ɗari uku da tamanin, kuma ba duka ne kuɗina ba.

Ina da ɗan wurin koyar da kwamfuta a nan Kano. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta ba ni aikin haɗa darussa 40 na bidiyo da Hausa, yadda ma'aikatansu za su koyi Excel da manhajar lissafin kaya. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san ba ɗaukar allo ce wahala ba, murya ce. Ka naɗi darasi guda, janareton maƙwabci ya tashi, ka sake. A canza maɓalli ɗaya a manhaja, sai ka sake naɗar darasin gaba ɗaya. Masu yi da Turanci sun huta, su zuba rubutu ne kawai na'ura ta karanta, in an gyara jimla ɗaya a sake fitar da ita cikin minti. Abin da nake nema ke nan da Hausa. Wannan laifi ne?

A wani zauren WhatsApp na masu harkar kwamfuta na ga tallan mutumin da ya ci kuɗin nawa. Wai manhaja ce mai karanta Hausa kamar mai labarai a rediyo, murya huɗu, maza biyu mata biyu, lasisi na har abada, kuma tana ɗaukar rubutun da ke ƙasan shafukan PowerPoint (manhajar nuna darasi shafi-shafi a allo) ta mayar da kowanne murya da kanta.

Kuma wallahi ban biya da ka ba. Ina so a ji wannan, don tun da na faɗa wa wasu suke cewa ai da ka gwada. Na gwada! Shekara 11 ina wannan sana'a. Na san inda na'ura ke faɗuwa a Hausa, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Kuka na hawaye da kuka ta miya haka. Shi ya sa na rubuta masa da hannuna: "Ɗan ƙaramin yaro ya sayo gari a cikin gari, yana kuka a gindin kuka." Na sa ɗ, na sa ƙ, da gangan. Na ce ya ba na'urar ta karanta.

Minti goma sai ga murya. Muryar mace, a natse, kowace kalma a wurinta. Gari daban, gari daban. Na saurara sau biyar a zaune a shago, har na kira yaron da ke taya ni aiki na ce zo ka ji abin da Allah Ya kawo mu. Wannan minti goman nake ta komawa kansa har yau. Me ya sa minti goma? Na'ura ai ba ta buƙatar minti goma a kan jimla ɗaya. Na tambaye shi ma a lokacin, ya ce "Yallaɓai, intanet ne yau sai a hankali." Wa zai ƙaryata wannan a ƙasar nan?

A daren na tura 150,000 kafin alƙalami. A'a, kafin nan sai da muka yi waya ta bidiyo, ya nuna mini allon kwamfutarsa daga nesa, akwai akwatin rubutu da maɓallin kunnawa. Ya ce mutum biyar kawai zai ba a wannan farashi, saura biyu. Bayan kwana uku na ƙara 180,000. Sunan da ke asusun ba nasa ba ne, ya ce na matarsa ne. Sai 50,000 ta ƙarshe, wai kuɗin kunna lasisi, wadda ba a taɓa maganarta ba tun farko. Ita ce ta fi ƙona mini rai, don a lokacin zuciyata ta riga ta fara raya mini wani abu, amma na ce na riga na zuba 330,000, zan tsaya a kan 50,000? 150, 180, 50. 380,000. A ciki 200,000 kuɗin somin aikin da ƙungiyar ta ba ni ne.

Abin da ya turo fayil ne a dunƙule. Da kyar muka kunna shi. Murya ɗaya ce, ba huɗu ba, kuma ba waccan matar ba ce. Na zuba mata jimlar nan tawa, ta karanta gari da gari iri ɗaya. Na sa mata darasin farko, ta iso kan "danna Ctrl da S" ta rikice. Maganar PowerPoint kuwa babu ita ko alama.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta a jami'a ya buɗe fayilolin ya ce, "Malam, wannan ai MMS ce." Aikin da kamfanin Meta ya saki kyauta a 2023, mai karanta harsuna fiye da 1,100, har da Hausa. Kyauta! Kowa na iya saukewa. Su ba su cuci kowa ba, sun ma rubuta a lasisin cewa ba na kasuwanci ba ne. Wato ko da ta yi daɗin ji, ba ni da ikon sa ta a aikin da aka biya ni. Abin kyauta mutumin nan ya canza wa suna ya sayar mini 380,000.

Shi ɗalibin ne ya ce in sa abin kunne in sake jin samfurin farko. A ƙarshen jimlar, can ƙasa-ƙasa, akwai hon ɗin adaidaita sahu. Mutum ce ta karanta a waya. Minti goman ke nan.

Na kira, ya ce sabon salo na zuwa ranar Juma'a. Wannan kafin mu gano MMS ɗin ne ko bayan nan, na ma rikice. Ranar Asabar dai hotonsa ya ɓace, layin a kashe, an ce ya fita daga zauren tun Laraba. Na je banki na shigar da ƙorafi, na kai rahoto wurin 'yan sanda. Hotunan hirarmu, rasit uku da muryoyin biyu duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar na rufe sunan matar da ke asusun, don ban san ko da saninta ba.

In za ku saya, ku rubuta jimlar da hannunku a kan manhajar, ku ji ta nan take. Kada ku karɓi murya ta WhatsApp. Ku tambayi lasisi.

Darussa 40 ɗin nan da bakina nake naɗarsu yanzu, daga ƙarfe 1 na dare in unguwa ta yi shiru. Na kai na 14. Shugaban ƙungiyar ya kira jiya yana tambayar inda aka kwana, kuma har yanzu ban faɗa masa inda 200,000 ɗinsu ta shiga ba.