Wace manhaja za ka saya don cire yashi-yashi daga hoto?

Duk mai ɗaukar hoton biki ya san halin zauren dina: wuta ƙasa-ƙasa, fitilu masu launi, ga amarya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Dole ka ɗaga ISO, wato saitin kyamara mai ƙara wa hoto haske, zuwa 3200 ko 6400, sai ka buɗe hoton a kwamfuta ka tarar yashi-yashi ya mamaye duk inda inuwa take. Ƙarancin hasken da ya shiga kyamara ne ke jawo shi. Ɗige-ɗigen ja da kore ba su da wahalar cirewa. Gararin yana ga tsakin da ke cakuɗe da jikin hoton, domin wajen share shi ake haɗawa da abin da ake so.

Shi ya sa ni ba na tambayar wace manhaja ta fi wanke hoto tas. Abin da nake dubawa shi ne me ta bari: zaren aikin wuyan babbar riga, saƙar leshi, zanen lalle a bayan hannu, da fatar mutum. Wata manhaja ta taɓa mayar mini da fuskar uwar ango sumul kamar 'yar tsana, har tsagar kumatunta ta ɓace, 'ya'yanta suka ƙi karɓar hoton.

Wadda na fi yarda da ita ita ce DxO PureRAW, ta kamfanin DxO na Faransa, da ta fito a 2021. Fasaharta, DeepPRIME, tana aiki a kan ɗanyen fayil na RAW, wato hoton yadda kyamara ta ɗauke shi ba a sarrafa ba, tana cire yashin a daidai lokacin da take haɗa launukan hoton, tun kafin dattin ya cakuɗe da su. Kamfanin kuma yakan auna kyamarori da ruwan tabarau a ɗakin gwajinsa, don haka tana gyara lanƙwasar gefe da duhun kusurwa gwargwadon kayan da ka yi aiki da su. Kana iya zuba mata hotunan biki gaba ɗaya ka tafi masallaci ka dawo, ta fitar maka da fayilolin DNG, wani nau'in ɗanyen fayil, da za ka ci gaba da gyarawa a Lightroom, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe. Sayenta sau ɗaya ake yi, sai dai in kana son sabon zubi. Tana da nata cikas: ba ruwanta da JPEG, wato hoton yau da kullum da aka riga aka sarrafa, fayilolinta na cin wuri sosai, kuma ka duba ko kyamararka na cikin jerin da ta sani kafin ka biya.

Adobe ya saka Denoise, nasa sashen cire yashi, a Lightroom a 2023, kuma yana da kyau. In dama kana biyan kuɗin Lightroom na wata-wata, fara da shi. Topaz Photo, da a da ake kira Topaz Photo AI, na karɓar JPEG, nan ne amfaninsa, amma ka rage ƙarfin sashensa mai gyaran fuska. Neat Image tsohon hannu ne, an wuce shi. Wanda aljihunsa bai kai ba ya sauke darktable ko RawTherapee, kyauta ne halal, sai dai suna son haƙurin koyo. Sababbin manhajojin nan duk sun dogara da katin hoto na kwamfuta, wato sashenta mai sarrafa hotuna, tsohuwar laftof za ta daɗe a kan hoto ɗaya tana huci.

Yanzu ga inda aka fi cutar 'yan'uwa. A zaurukan WhatsApp da Telegram za ka ga ana tallan waɗannan manhajoji a kuɗin da bai kai na katin waya ba, wai lasisin har abada. Lightroom na ƙarshe da aka sayar sau ɗaya shi ne na 6, na 2015, kuma babu Denoise a cikinsa. Duk wanda ya ce zai ba ka sabo na har abada, ko dai kayan sata ne, ko asusun wani da za a rufe ba sanarwa. Abu na farko da mai kayan sata zai ce maka shi ne ka kashe rigakafin kwamfutarka kafin ka saka. Ta wannan ƙofar ake shigo da manhajar da ke kwashe kalmomin sirrin da ka adana, ko ta kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa. Ka tuna hotunan matan mutane ne a cikin wannan kwamfutar, amana ce a hannunka. Akwai kuma shafukan bogi masu kwaikwayon sunan kamfani da harafi ɗaya da aka sauya, wani lokaci ma su ne a sama idan ka yi bincike. Rubuta adireshin kamfanin da hannunka.

Kada ka yanke hukunci da hotunan talla, an zaɓo su ne. Sauke zubin gwaji daga shafin kamfani, ka ɗauko hoto mafi duhu da kake da shi, mai fuska da tufa mai aiki, ka faɗaɗa shi ɗari bisa ɗari, ka duba gashin ido da zaren hula kafin ka fitar da katin bankinka.