Apollo 11 da Apollo 15: me ya sa wuraren saukarsu suka bambanta?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Apollo 11 ya sauka a fili fetal a duniyar wata, amma Apollo 15 ya je gindin tsaunuka, ko kuwa duk inda kumbo ya faɗa nan ne. Wallahi ba haka ba ne, kowane wuri sai da aka yi watanni ana ja-in-ja a kansa.

A 1969 abin da hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta sa a gaba shi ne a kai mutum wata a dawo da shi da ransa. Shi ya sa injiniyoyi ne ke da ta-cewa. Sun duba hotunan da kumbunan Lunar Orbiter suka ɗauko a 1966 da 1967, suka tace wurare biyar, dukkansu kusa da layin tsakiyar wata, inda zuwa bai cin mai da yawa, kuma in inji ya ƙi, kumbo zai iya zagaya wata ya dawo gida da kansa. Sun nemi ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba manyan ramuka. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin rana: dole ta kasance ƙasa-ƙasa a bayan matuƙi, don inuwa ta fito masa da kowane rami da dutse. Saboda haka aka jera wuraren daga gabas zuwa yamma, in tashi ya makara da kwana biyu, sai a koma na gaba inda hasken ya dace. Da haka aka tsayar da filin da ake kira Tekun Natsuwa, ko da yake babu ko ɗigon ruwa a cikinsa. Duk da wannan tsantseni, sai da Neil Armstrong, jagoran Apollo 11, ya hango na'ura za ta ajiye su cikin duwatsu, ya karɓi tuƙi ya wuce gaba, mai na dab da ƙarewa.

Apollo 12 ne ya buɗe ƙofa. A Nuwamba 1969 ya sauka ƙasa da mita 200 daga Surveyor 3, kumbon da ya riga shi zuwa tun 1967. Tunda an iya dira a inda aka nufa, sai masana duwatsu suka samu bakin magana, ciki har da Farouk El-Baz ɗan ƙasar Masar, sakataren kwamitin zaɓen wuri.

To da aka zo kan Apollo 15, wanda ya sauka a Yuli 1971, tambayar ta koma: ina za a samu abin koyo mafi yawa? Aka zaɓi Hadley, can arewa da layin tsakiya, tsakanin tsaunukan Apennine da wani kwazazzabo mai zurfin kusan mita 300. Sai da kumbon ya tsallake tsaunukan ya gangaro a miƙe fiye da na baya. David Scott da James Irwin sun yi kusan kwana uku a wurin, da motarsu ta yawo, suka kwaso duwatsu kilo 77. Armstrong da Buzz Aldrin kuwa tafiyar awa biyu da rabi suka yi a waje, da kilo 21 da ɗoriya.

Ni dai Hadley ya fi kwanta min a rai, don nan aka tsinto wani farin dutse da ake kira Genesis Rock, mai shekara kusan biliyan 4. Amma ko a lokacin, injiniyoyi ba su saki linzami ba: ramin Tycho da masana suka yi ta naci a kansa, an hana shi saboda ƙasarsa ta yi gargada.